Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai wata kunya da na sha, don kada wani ya sha irinta. Kwanan baya aka tura ni koyarwar gwaji wata makarantar firamare a ƙauye. Ana nan sai aka kawo sabon hedimasta, aka shirya taron iyaye domin su gan shi. Da yake an ce ni ɗan kwaleji ne, sai aka ɗora mini rubuta takardar gayyata da Turanci. Na rubuta kalmar “show”, na dube ta, na ga ta yi mini ƙanƙanta, ko yaron aji biyu ya san ta. Sai na buɗe littafin kalmomi masu kama da juna, na zaɓi wadda ta fi cika baki, na rubuta cewa ran Asabar “we shall expose our new headmaster”. Allah ya taimake ni, takardar ta bi ta hannun wata tsohuwar malama kafin a buga ta. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, “Ɗana, me mutumin nan ya sata?” Ashe abin da na rubuta shi ne za mu tona asirinsa a gaban iyayen yara.

Tun daga ran nan nake bin kalmomin nan ɗaya ɗaya. Ra'ayina kuwa shi ne, laifin yana ga yadda aka koya mana, da yadda mu ma muke shirin koya wa yara. Mukan rubuta kalmomi biyar ko shida a allo, mu ja layi, mu ce duk ma'anarsu “nuna”, mu ce a haddace. Yaro ya fita da zaton cewa duk ɗaya ne, sai dai wata ta fi wata girma. Alhali kuwa kowace tana faɗin niyyar mai nunawar.

Bari mu duba su. “Show” ita ce uwa, ba ta da gefe. Yaro ya nuna maka littafinsa, ka nuna wa baƙo hanya, duk ita ce. “Display” kuwa asalinta warware abin da yake a naɗe, watau a baje abu a tsara shi yadda ido zai faɗa kansa, kamar yadda ɗan koli yake baje kolinsa a kasuwa. “Exhibit” ta fi ta nauyi. Asalinta a Latin miƙa abu waje, ana kuwa faɗinta ga abin da aka ajiye a gaban jama'a don a tsaya a duba shi da kyau. Wanda ya taɓa shiga gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya ga kawunan yumɓu na Nok, to, abin da aka yi musu ke nan. A kotu ma, wuƙa ko takarda da aka kawo shaida gaban alƙali, sunanta “exhibit”. “Demonstrate” ita ce a gwada yadda abu yake aiki, mataki mataki, kamar malamin kimiyya da ya tafasa ruwa a gaban aji don yara su ga tururi ya koma ruwa a jikin murfi.

Sauran ukun su ne masu haɗari. “Reveal” asalinta yaye lulluɓi, a bayyana abin da dā yake a ɓoye. Mu da muka yi makarantar mishan mun san ta tun muna ƙanana, gama littafin ƙarshe na Sabon Alkawari da Turanci “Revelation” ake kiransa. “Expose” kuwa, wadda ta kusa jawo mini fitina, ita ce a tone abin da mai shi yake so ya rufe, ko kuwa a bar abu a fili ba kariya, rana da ruwa su same shi. “Flaunt” ita ce nuni da fariya, irin na wanda ya sayi sabon agogo ya dinga naɗe hannun riga ko ba a tambaye shi lokaci ba. Abin da ya kamata in rubuta a takardata shi ne “present” ko “introduce”, watau gabatarwa.

To, jama'a, ku sake duba abin da na rubuta. Ban sha wahalar samun Hausar ko ɗaya ba. Akwai nuna, akwai baje, akwai gwada, akwai bayyana, akwai tona da fallasa, akwai fariya da taƙama, akwai gabatarwa. Ba Bahaushen da zai ce an fallasa amarya yana nufin buɗar kai, in kuwa ya faɗa, dangi za su tambaye shi dalili. Yaron da yake zaune a ajinka ya san wannan bambanci tun kafin ya riƙe fensir, ko da Hausa ko da harshen gidansu. Mu malamai ne muke ƙwace masa wannan sani, ranar da muka tattara kalmomi bakwai muka cusa su cikin “nuna” guda ɗaya.

Wani zai tambaya, me ya sa Turanci ya tara su haka? Tarihi ne ya kawo. “Show” tsohuwar kalmar Ingila ce, a dā ma ma'anarta duba. A 1066 mutanen Nomandi daga Faransa suka ci ƙasar Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, Latin kuma harshen coci da na malamai. Ta nan “display” da “expose” da “reveal” suka shigo daga Faransanci, “exhibit” da “demonstrate” kuma daga Latin. Da suka taru a gida ɗaya sai kowace ta kama nata aiki. Haka Hausa ta yi da Larabci: muna da “sani” muna da “ilmi”, kowa kuwa ya san ba ko'ina ake musanya su ba.

Na yi gardama da abokaina a ɗakin kwana a kan wannan, kuma ba zan ɓoye hujjarsu ba. Ɗaya ya ce manyan kalmomi su ne suke kawo maki a jarrabawa, mai duba takarda in ya ga “exhibit” ya san yaro ya yi karatu. Na yarda yawan kalmomi abin so ne. Amma mai duba insha'i yana neman kalmar da ta dace da wurinta, in ya tarar an sa babba a inda ba wurinta ba, jan biro zai sa mata. Ƙaramar kalma a muhallinta ba ta taɓa kayar da kowa ba.

Wani kuma ya ce Turancin Nijeriya ai namu ne, muna da ikon juya shi. Ya kawo misali: a nan in an ce mutum “well exposed” ne, yabo ne, watau wayayye, ya ga duniya. Haka kuma “expo”, wadda a wasu ƙasashe take nufin babban baje koli, a wurinmu ta zama sunan satar amsar jarrabawa, har fitar takardun jarrabawa ta 1977 ta sami suna “Expo 77”. Wannan gaskiya ne, ba na kuwa raina Turancinmu. Sai dai yaron da muke koyarwa wata rana zai rubuta takardar neman aiki, ko ya karanta takardar magani, ko ya tsaya gaban alƙali. Hakkinsa ne a kanmu ya san ma'anar gida da ta waje, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Saboda haka ga shawarata ga waɗanda za su fita koyarwar gwaji bana. Kada ka ba yaro kalma tsirara, ka ba shi ita cikin jimla. Kafin ka rubuta ta a allo, ka tambayi ajin abu uku: wa yake nunawa, me yake nunawa, kuma mai abin yana so a gani ko ba ya so? In da hali a yi ta a aikace. Wani ya baje littattafansa a tebur, wani ya yaye ƙyalle daga kan ƙwarya, wani ya zagaya aji yana taƙama da takalminsa, sauran yara su faɗi kalmar kowanne da harshensu kāna da Turanci. Gani ya kori ji. Littafin Roget kuwa, wanda ya fara fitowa a 1852, yana jera kalmomi ne bisa ga kusancin ma'anarsu, ba ya gaya maka inda za ka sa kowace. In ka ɗauki kalma a cikinsa, ka kai ta ga ƙamus mai misalai, irin na Hornby da Oxford suka buga a 1948 domin masu koyon Turanci, wanda har yanzu ake sabunta shi. A nan za ka ga irin kalmomin da take tafiya da su.

Ni dai tsohuwar malamar nan ta cece ni, amma ba kowace makaranta ce take da irinta ba. Nan gaba kaɗan mu ne za mu zauna a kujerarta, takardun wasu su bi ta hannunmu. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, ina roƙonsa ya amsa mini a fitowa ta gaba, mu ƙaru da juna.