A Bar Bekin Soda a Madafi!

Jama'a, a matso kusa! Iyaye mata, amare, magidanta, maganar nan ta kowa ce.

Bekin soda abin arziki ne a gida. Ku kwaɓa shi da ruwa kaɗan, ku dirje tukunyar da ta kama. Ku zuba a ɗan kofi ku ajiye a firij, ƙarnin kifi ya gudu. Ku barbaɗa a takalmin ɗan makaranta ya kwana, da safe a kakkaɓe. Kek kuwa, ɗan mitsitsi ya ishe shi. Duk wannan lafiya lau.

Sha fa? Nan gizo ke saƙar. Saƙonni na ta yawo a WhatsApp, wai a dama shi da lemun tsami a shanye, tumbi ya zube, olsa ta warke, har ciwon daji wai yana kashewa. Ƙarya ce, 'yan'uwa!

Cokalin shayi ɗaya na garin nan yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, fiye da miligiram 1,200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini, kuma ga gishirin miya, ga magi. Ina mai hawan jini zai kai wannan lodi? Ina mai ciwon ƙoda? Da ya haɗu da tsamin ciki, iska yake tayarwa. An taɓa samun waɗanda suka kora shi bayan sun ci sun yi dam, tumbinsu ya yage.

Kanwa ma danginsa ce, kada mu manta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da tsananin zafin jego. Inna, Gwaggo, don Allah a sassauta wa maijego hannu!

To, mu tashi. Kada a ɗura wa yaro bekin soda. Kada mai juna biyu ta sha. Kada a goga a fuska don neman haske, fata zai cinye. Kada a yi tsarki da shi. Mai shan maganin asibiti ya tambayi likita tukuna, domin yana hana wasu ƙwayoyi aiki. Ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? A tafi asibiti, a daina jiƙe-jiƙe.

Yau ɗin nan, ku rubuta suna a jikin gwangwanin, ku ɗora shi sama inda hannun yara ba ya kai. Saƙon nan na a sha bekin soda kuma in ya shigo wayarku, kada ku tura. Ku goge, ku kira wanda ya turo ku faɗa masa dalili!