Miki Toriro da Rahar da Ta Gagari Hukuma

Galibin masu tunawa da Miki Toriro (1914-1994) a Japan suna tuna shi ne a kan waƙoƙin talla, domin shi ya tsara waƙar tallar kayan ɗaukar hoto na kamfanin Konishiroku a 1951, wadda ake ɗauka ita ce ta fari a rediyon ƙasar. Wannan kuwa rage masa daraja ne. Aikinsa da ya cancanci nazari shi ne shirin raha na ran Lahadi, watau Nichiyo Gorakuban, wanda gidan rediyon NHK ya fara watsawa a 1947.

A wancan zamani Japan tana hannun sojan Amurka, ga yunwa, ga kasuwar bayan fage. Miki, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Tokyo, sai ya riƙa haɗa gajerun wasanni da waƙa yana yi wa ministoci da 'yan siyasa zambo da habaici. Masu sauraro ma suka shiga aiko da nasu barkwancin. Cikinsu har da wani ɗan makaranta, Ei Rokusuke, wanda daga baya ya zama shahararren marubucin talbijin.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka rufe bakin shirin. Muddin Amurkawa na tace labarai, shirin yana tafiya. Japan ta karɓi mulkin kanta a watan Afrilu 1952, ba a yi wata uku ba aka sauya wa shirin suna, aka rage masa kaifi. Magajinsa ma bai daɗe ba, don a 1954, bayan ya taɓo gwamnatin Yoshida Shigeru a kan abin kunyar cin hancin kamfanonin ƙera jiragen ruwa, sai aka tsayar da shi.

Kada a ce wannan ya nuna 'yan mamaya sun fi son 'yancin magana. Sun ƙyale shi ne don ba su ake yi wa dariya ba. Sukar su kuwa haramun ce. Amma wannan bai wanke gwamnatin Yoshida ba, wadda ta samu iko ta fara da masu ba'a.

Da talbijin ta kafu daga 1953, Miki ya fi karkata ga talla da waƙoƙin shirye-shirye, irin su na Tetsujin 28-go a 1963. Almajiransa, Ei da Nosaka Akiyuki, su suka ci gaba da rubutun.