A Hau Keke A Ga Ƙasa: Shawara Ga Ɗaliban Harshe

Duk wanda ya tashi a ƙasar Shira ya san keke tun yana ƙarami. Da shi ake kai buhun gero kasuwar Yana, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, da shi kuma malamin firamare yake zuwa ƙauyen da aka tura shi. Amma da zarar ɗayanmu ya samu shiga jami'a, sai ya fara jin kunyar a gan shi a kan sirdi, domin kuwa a wurinmu keke abin hawan wanda bai samu kuɗin babur ba ne. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin 'yan'uwana ɗaliban harshe cewa wannan abin hawa da muka raina zai iya yi mana aikin da mota ba za ta iya ba, wato ya ratsa da mu ƙasar nan a hankali, gari bayan gari, har mu ji da kunnenmu yadda mutanenta suke magana.

Waɗanda Suka Riga Mu

Kafin mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne, bari mu dubi wasu 'yan Afirka da suka yi irin wannan tafiya. A shekarar 1952 wani ɗalibi ɗan Nijeriya da yake karatu a Amurka, mai suna Olabisi Ajala, ya hau keke sanye da kayanmu na gida, ya tashi daga birnin Shikago har zuwa Los Anjalis, tafiyar da ta haura kilomita 3,500, cikin kimanin wata guda. A kan hanya yana tsayawa a garuruwa yana yi wa mutane bayani a kan ƙasarsa. Daga baya ya zaga ƙasashe masu yawa a kan babur, ya kuma rubuta littafi a kan tafiye-tafiyensa a 1963.

A shekarar 2023 kuwa, wani matashi ɗan ƙasar Gini mai suna Mamadou Safayou Barry ya so ya yi karatu a Jami'ar Azhar ta Masar, amma ba shi da kuɗin jirgi. Sai ya hau keke ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har ya isa Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. An tsare shi a hanya har sau uku. A Chadi ne jama'a suka ji labarinsa suka haɗa masa kuɗin jirgi, ya sauka Alƙahira a watan Satumba, jami'ar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta.

A nan gida ma ba mu rasa masu doguwar tafiya ba, sai dai akasari manufar ce ta bambanta. Tun daga 2015, lokacin da wani matashi ya tako a ƙafa daga Legas zuwa Abuja don taya Janar Muhammadu Buhari murnar cin zaɓe, kusan kowane zaɓe sai an samu masu tattaki, wasu a ƙafa wasu a kan keke, zuwa gidan wani gwamna ko sanata. Ba na raina wahalar da suka sha. Abin tambaya shi ne, bayan an ɗauki hoto an ba da tukuici, me ya rage wa al'umma? Mutum ya ratsa garuruwa hamsin, amma bai dawo da labarin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Me Ya Haɗa Ɗalibin Harshe Da Keke?

Amsar tana nan Shira. Baƙo idan ya zo garin, duwatsu ake nuna masa da zanen da mutanen da suka bari a jikinsu. Amma akwai wani abin tarihi da ba za a iya nuna masa ba, domin ya ɓace. Mutanen Shira suna da harshensu na kansu a da, wato Shiranci, kamar yadda mutanen Tashena da na Auyo suke da nasu. Masana sun sanya waɗannan harsuna uku cikin iyalin harsunan Cadi, kusa da Bade da Ngizim waɗanda har yanzu ake magana da su a jihar Yobe. Yau duka ukun sun mutu, Hausa ta maye gurbinsu. Abin da ya rage mana daga gare su 'yan jerin kalmomi ne kawai da aka tsinta aka rubuta. Babu tatsuniya cikakkiya, babu waƙar daka, babu muryar wata tsohuwa tana yi wa jikanta faɗa. Da an samu wanda ya bi ƙauyukan nan da alƙalami lokacin da sauran masu jin harshen suke raye, da yanzu muna da abin karantawa.

Wani zai ce ai Hausa ba za ta mutu ba. Haka ne, amma kare-karenta suna iya shuɗewa. Guddiranci, wato karin Hausar ƙasar Katagum, yana cikin waɗanda ake ambata mana a aji. To, ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa zama a bakin wata rijiya a ƙasar Guddiri suka saurare shi? Yaran da suke tasowa yanzu Hausar rediyo da ta finafinan Kano da ta wayar hannu suke kwaikwayo. Kalmomin noma da su da saƙa da jima suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. Mu kuwa da aka ɗora wa nauyin nazarin harshen, sai mu zauna a ɗakin karatu mu kwafo misalan da wani ya kwafo daga wani, mu haɗa kundin digiri mu miƙa. Kowa ya haddace cewa Basakkwace yana cewa "biyat" da "tahi", kuma a wajen Zariya da Bauchi za ka ji "rigan" maimakon "rigar". Amma a wane gari ne wannan ya ƙare wancan ya fara? Wannan kam sai wanda ya bi hanya.

Abin kunyar ma shi ne, yawancin abin da muke tinƙaho da shi baƙi ne suka sha rana suka tara mana. A watan Janairu na 1824 Hugh Clapperton da Dokta Walter Oudney suka iso Katagum daga Borno. Oudney ya rasu a Murmur, ba nisa da Katagum, shi kuwa Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato, ya rubuta abin da ya gani, har yau masu tarihi suna komawa ga rubutunsa. Ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000, wanda yake nuna yankin da kalmomi da yawa suka fito, bai samu ba sai da aka yi shekaru ana bin ƙasar Hausa ana tambayar mutane. Su da dawaki da raƙuma da ƙafa suka yi yawancin tafiyarsu. Mu da muke da kwalta da keke da wayar da take ɗaukar murya, wane uzuri gare mu?

Ga bambancin mota da keke a wannan aiki. Daga Azare zuwa Kano kimanin kilomita 200 ne. Idan ka shiga mota a tasha, cikin 'yan awoyi ka isa, kuma ba ka ji maganar kowa ba sai ta direba da ɗan kamasho. Jama'are da Kiyawa da Wudil duk ta taga za ka hange su. Mai keke kuwa, wanda yake yin kilomita 12 zuwa 15 a awa, kwana uku zai yi a wannan hanya. Ƙishirwa za ta tsayar da shi wurin mai fura, yunwa ta kai shi teburin mai shayi, ƙaya ta zaunar da shi a rumfar mai faci. A kowane zango dole ya yi sallama, ya gaisa, ya yi tambaya, a ba shi amsa. Bugu da ƙari, mutumin ƙauye ba ya ɗari-ɗari da mai keke. Wanda ya fito daga mota da takarda a hannu, ana ɗaukarsa ma'aikacin gwamnati ne, sai a gyara zama a gyara harshe. Wanda ya iso da ƙura a fuska ya jingine kekensa a gindin bishiya, baƙo ne abin tausayi, ruwa za a fara ba shi, hira kuma ta biyo baya da irin Hausar da ake yi a cikin gida. Ita ce kuwa Hausar da muke nema.

Matsalolin Da Ke Akwai

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, wannan shawara tana da haɗari. Na farko shi ne rashin tsaro. Akwai hanyoyi a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da yankin Birnin Gwari da kuma Borno, waɗanda mai hankali ba zai shawarci ɗalibi ya bi su a kan keke ba, har sai al'amura sun daidaita. Babu kalmar da ta kai ran mutum daraja. Saboda haka ratsa Nijeriya daga wannan iyaka zuwa waccan buri ne da za a cim masa daki-daki, ana zaɓen hanya bisa shawarar mutanen yankin.

Na biyu shi ne manyan motoci. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi ya faɗa rami. Idan minista bai tsira ba, ina ga ɗalibi? Maganin wannan shi ne a guje wa babban titi duk inda aka samu ƙaramar hanya, a sa riga mai haske, kuma kada a kuskura a yi tafiyar dare.

Na uku shi ne zafi. Tafiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, ganganci ce. Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka wanda ya tashi daga Azare ya nufi Kano tana taimaka masa, a dawowa ne zai gane kurensa. A tashi da sassafe, a huta idan rana ta take, a ci gaba bayan la'asar, a sauka kafin magariba.

Batun kuɗi kuwa, shi ne ma ya fi ƙarfafa wannan shawara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin ɗalibai da yawa, har wasu suka rage zuwa filin bincike. Keke ba ya shan mai. Abin da yake bukata shi ne taya mai kyau da birki mai ci da kariya mai ƙarfi, sai famfo da kayan faci da ɗan man sarƙa. Ba sai na tsere mai tsada ba, irin wanda iyayenmu suke kai kaya kasuwa da shi ya isa, kuma kowane ƙauye akwai mai gyaransa.

Ta Ina Za A Fara?

Shawarata ita ce ƙungiyar ɗaliban Hausa ta shirya tafiya ta gwaji a hutun da ya faɗo cikin hunturu. Mutum uku ko huɗu sun isa. A karɓi takardar gabatarwa daga sashe, kowa ya riƙe katin shaidarsa na makaranta, kuma duk garin da za a kwana a fara zuwa gaida dagaci ko mai unguwa. A tashi daga Shira a shiga Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916. Daga nan a bi ta Gadau, inda Jami'ar Sa'adu Zungur take, a wuce tsohon garin Katagum da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, a leƙa Tashena, sannan a tsallaka jihar Jigawa a ƙare a Auyo. Wannan hanya ta haɗa garuruwa ukun da harsunansu suka mutu, kuma mako guda ya ishe ta.

A tafi da jerin kalmomi ɗaya, kamar guda ɗari, a riƙa tambayarsu a kowane zango don a ga inda suke sauyawa. A tambayi sunayen unguwanni da tafkuna da duwatsu da bishiyoyi, domin sau da yawa harshen da ya mutu yakan bar sawunsa a sunayen wurare. Kada a ɗauki muryar kowa sai da izininsa. Kowane dare kuma a rubuta abin da aka gani kafin barci ya ɗauke shi. Idan an dawo, a ajiye muryoyin a sashe, labarin tafiyar kuma a kawo shi wannan mujalla. Adabinmu na tafiye-tafiye yana da ƙaranci. Abubakar Imam ya ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya ba mu Motsi Ya Fi Zama, kuma dukansu labarin Turai suka kawo mana. Labarin hanyar Shira zuwa Auyo har yanzu yana jiran marubucinsa.

Idan wannan ta yi kyau, baɗi a ƙara nisa: Shira zuwa Kano, ko Shira zuwa Bauchi ta Misau da Darazo. Wata rana, idan ƙasa ta zauna lafiya, sai a ga ɗalibin Hausa ya tashi daga gindin duwatsun Shira ya dangana da bakin teku a Legas, yana sauka a unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan, yana jin yadda harshensa ya koma a bakin waɗanda aka haifa a can.

Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike. Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, tsofaffin da suke riƙe da kalmomin nan ba za su jira mu gama digiri mu sayi mota ba. Wanda yake da keke a gida ya kakkaɓe shi ya ba shi iska, wanda ba shi da shi ya ara. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa mu amfani al'ummar da muka fito daga cikinta.