Kumfa Ba Shaida Ba Ce: Raddi Ga Malam Mai Kwalba

Wani malamin kimiyya, ɗan'uwa a sana'a, ya rubuta cewa ɗalibanmu na Kuyello ba sa bukatar na'ura don gano iyakar curewar sabulu, wato yawan da in sabulu ya kai a cikin ruwa sai ƙwayoyinsa su fara dunƙulewa curi-curi, abin da James McBain ya bayyana tun 1913. A cewarsa kwalba ta isa: a girgiza, inda kumfa ta daina hawa nan ne iyakar. Allah ya ƙara ilimi, Malam, amma da sauran magana.

Na yarda cewa a sinadari tsantsa kumfa kan tsaya kusa da iyakar. To, ina tsantsar take a wurinmu? Sabulun salo da matanmu ke dafawa da ruwan toka da mai gauraye ne na gishirin kitse iri-iri, kowanne da tasa iyakar. Ko a ɗakin gwaji, Miles da Shedlovsky sun nuna a 1944 cewa ɗan gurɓi kaɗan a cikin sinadarin SDS yakan sa ma'aunin ƙarfin fatar ruwa ya nutse ya sake tasowa. Irin wannan gurɓin kuma shi ke ƙara wa kumfa daɗewa. Ashe kwalbar Malam za ta yaba wa abin da ya kamata ta tona.

Ya ce ruwa ruwa ne. Duk mai wanki ta san ba haka ba ne. Ruwan zartsi yana kashe sabulu, domin kalsiyam yakan kama shi ya mai da shi dauɗa mai yawo. Gishiri kuma saukar da iyakar yake yi: ta SDS kusan milimola 8 ce a ruwa tsantsa a zafin digiri 25, amma in an sa gishiri milimola 100 sai ta faɗo ƙasa da 2. Yaro ya ɗebo daga wannan rijiya, wani daga waccan, amsar wa za a ba maki?

Sannan ya ce in kwalba ta gaza, ma'aunin gudanar lantarki ya ishi kowane sinadari. Nan ne na fi mamaki. Wannan hanya sai ga masu caji. Triton X-100 ba shi da caji, iyakarsa ma kusan milimola 0.2 ce, allura ba za ta gaya maka komai ba. Irinsa sai zoben du Noüy ko farantin Wilhelmy, ko hanyar hasken sinadarin firin ta Kalyanasundaram da Thomas ta 1977.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce rashin kayan aiki, kuma gaskiyarsa, mu ma da alli muke fama. Sai dai akwai ƙirgen ɗigo. Sirinji ɗaya, ruwan da aka tace, a ƙirga ɗigo nawa ke fita daga mililita guda. Yawansu yana ƙaruwa da ƙarin omo, har ya tsaya a iyakar. Wannan hanya ƙarfin fatar ruwa take aunawa kai tsaye, kuma sirinjin yana nan a kemis.