Kujeru 109: Nawa Muke Biya, Me Muke Samu?

A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya faɗa wa sashen Hausa na BBC abin da akasarin takwarorinsa ba sa son a ji. Ya ce albashinsa bai wuce naira miliyan ɗaya ba a wata, amma kuɗin gudanar da ofis da ke shigo masa duk wata naira miliyan 21 ne. Kwana kaɗan kafin nan hukumar da ke tsara albashin masu riƙe da muƙaman siyasa, RMAFC, ta ce abin da sanata ke ɗauka a wata naira 1,063,860 ne. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Hukumar ta ambaci abin da ta yanka, sanatan ya ambaci abin da ke isa hannunsa, kuma tsakanin adadin biyu akwai ninki ashirin da babu wanda ya zo ya yi wa jama'a bayaninsa dalla-dalla.

To, mu ɗauki alƙalami. Majalisar Dattawa ta goma, wadda aka rantsar ranar 13 ga Yunin 2023, tana da kujeru 109: uku-uku daga jihohi 36, ɗaya daga Abuja. Miliyan 21 sau goma sha biyu, miliyan 252 ke nan a shekara. In adadin ya tsaya a haka har wa'adin shekara huɗu ya cika, kowane sanata ya haura biliyan ɗaya. A tara na mutum 109, ana maganar sama da biliyan 27 duk shekara, ba a sa ƙarin da shugabannin zauren ke samu ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira dubu 70 ne, don haka kuɗin ofishin sanata ɗaya a wata albashin ƙananan ma'aikata ɗari uku ne cif. A 2018, lokacin da Sanata Shehu Sani ya fara fasa ƙwan, adadin miliyan 13.5 ne.

Sai motoci. Ba a yi wata biyar da rantsuwa ba aka shiga cinikin manyan motocin Toyota, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. Hujjar da shugaban kwamitin kula da hidimomin zauren, Sanata Sunday Karimi, ya kawo ita ce hanyoyin ƙasar nan sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Abin dariya, abin takaici: masu amincewa da kasafin gyaran hanya ne ke kafa hujja da mutuwar hanya. A takarda motocin na aikin kwamiti ne, kwamitocin kuwa 74 aka sanar a Agustan 2023. Cikin mutum 109, saba'in da huɗu shugabanni ne, saura kuma akasarinsu mataimaka. Wanda ya san yadda ake rabon waɗannan kujeru ya san amfaninsu na farko shi ne biyan bashin zaɓen shugaban majalisa, wanda Godswill Akpabio ya ci da ƙuri'a 63, Abdul'aziz Yari ya samu 46.

A wannan watan dai na Agustan 2023 Akpabio ya manta ana haska zaman kai tsaye, ya sanar da 'yan'uwansa cewa an tura musu ɗan abin shan iska a asusunsu saboda hutu. Da aka raɗa masa, sai ya gyara ya ce addu'o'i ne aka tura musu ta akwatin saƙo. Daga baya Sanata Ali Ndume ya ce addu'ar ta naira miliyan biyu-biyu ce. Kasafin Majalisar Tarayya gaba ɗaya na 2024 kuwa, fadar shugaban ƙasa ta kawo kusan biliyan 198, 'yan majalisa suka mayar da shi biliyan 344 da ɗoriya da hannunsu.

Akwai wani kuɗin da ba ya fitowa a kasafin Abuja. Zauren ya cika da tsofaffin gwamnoni, sun haura goma: Akpabio, Yari, Tambuwal, Wamakko, Aliero, Goje, Dankwambo, Oshiomhole, Orji Kalu, Dickson, Gbenga Daniel da sauransu. Jihohi da yawa suna da dokar fanshon tsohon gwamna, mai gidaje da motoci da masu gadi. Mutanen Zamfara sun tuna wasiƙar 2019 da Yari ya rubuta yana neman a ci gaba da biyansa miliyan goma ta wata-wata, wadda ta sa majalisar jihar ta soke dokar baki ɗaya. Gbenga Daniel ya nemi Ogun ta dakatar da tasa fanshon da ya shiga majalisa. Nawa ne suka yi koyi da shi?

Sanatoci suna da amsa, kuma ba ƙarya ba ce duka. Je ka ƙofar gidan kowane ɗayansu da sassafe in ya shigo gari. Ga dattijo riƙe da takardar magani da ta sha ninki har ta kusa yagewa, ga matashi da takardar kuɗin makaranta, ga wakilin limamai da zancen rufin masallaci, ga mai suna gobe ba shi da rago. Yaran gida suna kai da komo, wani na rubuta sunaye a littafi, kowa na cewa «Allah ya ja zamanin Sanata». Kuɗin da suka shigo ta ƙofar gaba da yawansu ta nan suke fita. Sai dai wannan ma asara ce, mai tsada kuwa. Mutumin da aka zaɓa ya tsare gwamnati har asibiti ya samu magani, shi ne ya koma raba kuɗin magani da hannu, kuma muddin yana buƙatar abin rabawa ba zai so ɓata wa masu sakin kuɗin rai ba. Haka ayyukan mazaɓu suke, da ake ware musu biliyan ɗari a shekara: rijiyar burtsatse da allo mai hoton sanata, kekunan ɗinki, babura. A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma ba a ga tasirinsu ba.

Duk wannan da sauƙi in da ana samun abin da aka biya. Majalisar dattawa mai gadi ce, ana ciyar da ita don ta iya cewa a'a. Ta taɓa faɗa: a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja, ta ba da shawarar a bi ta sulhu, kuma sanatocin Arewa ne kan gaba. Ta riƙe sunayen mutum uku cikin ministocin da aka kawo, ciki har da Nasir El-Rufa'i. A rubuta musu wannan. Amma ministoci nawa aka ce su rusuna su wuce ba tambaya ko ɗaya? A Mayun 2024 an sauya taken ƙasa cikin 'yan kwanaki. A Maris ɗin 2025 aka kawo dokar ta-ɓaci a Ribas, wadda tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku, wato sanatoci 73, aka wuce da ita da ƙuri'ar murya. Babu kunnen da ke iya ƙirga 73. Har yau ɗan Ribas ba shi da takardar da zai duba ya ga ɓangaren da sanatansa ya tsaya.

Masu ƙirga da ƙarfi kuma su ne ke kwana a ciki. Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya ce akwai tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 da ba a ga ayyukan da aka jingina su ba, aka dakatar da shi wata uku a Maris ɗin shekarar, kafin a dawo da shi a Mayu. Ndume ya soki gwamnati kan yunwa, ya rasa muƙamin bulaliyar majalisa a Yuli. Natasha Akpoti-Uduaghan, ɗaya daga cikin mata huɗu kacal a zauren, ta sha dakatarwar wata shida a 2025. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, mazaɓun waɗanda aka dakatar sun zauna babu murya, alhali harajinsu bai tsaya ba. Ga kuma sauya sheƙa: an fara da jam'iyyu bakwai, sai ga 'yan adawa suna ta kwarara zuwa APC, Kawu Sumaila ma a cikinsu, duk da sashe na 68 na tsarin mulki ya ce mai sauya jam'iyya ya bar kujera sai in tasa ta rabu biyu. Kowa sai ya nemo rabuwar ya nuna.

Wasu na cewa a rushe zauren kawai. Senegal ta yi haka a 2012, Shugaba Macky Sall ya ce a karkatar da kuɗin ga waɗanda ambaliya ta shafa, Muritaniya ta bi sahu a 2017, Ghana kuwa da majalisa ɗaya take tafiya. A nan akwai abin dubawa, domin wannan zauren ne kaɗai inda Yobe da Bayelsa ke da nauyi ɗaya da Kano da Legas. Ko an ajiye wannan gefe, rushewar sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 sun amince, bayan sanatoci 73 sun kaɗa ƙuri'ar korar kansu.