Allurar Korona: Kada WhatsApp Ya Yanke Maka Hukunci

Kai da ke aiki a kamfanonin Sharaɗa, Challawa ko Bompai, ka san yadda ake cunkushewa, a wajen aiki da cikin adaidaita. Da yamma kuma ka koma gida wajen Baba da Hajiya. To maganar allurar nan ta shafe ka.

Kana ɗari-ɗari? Kana da dalili. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 masu sanƙarau a nan Kano, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Amma ka tuna 2003. Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, yara suka shanye. Rigakafin dai aka koma wa kafin Najeriya ta rabu da ita a 2020.

Za ka ce ai gaggawa aka yi. Haka ne, sai dai masanan Oxford sun yi shekaru suna aiki kan MERS, 'yar'uwar korona. An gwada allurar a kan dubban mutane, Ingila ta fara yi wa 'yan ƙasarta, NAFDAC kuma ta amince kafin ta iso a Maris 2021.

Tana sa zazzaɓi da ciwon hannu na kwana ɗaya ko biyu. Daskarewar jini na faruwa, amma da wuya ƙwarai.

Ba mu manta dattawan da muka binne a Afrilun 2020 ba. Je asibitin unguwarku, ka faɗi duk larurar da kake da ita, ka yi tambayoyinka. In an ce ba matsala, miƙa hannu.