Tiken resto da farantin bakin titi: ina ɗalibin jami'a zai ci?

Kowace shekara, da zarar damana ta ja baya, tashoshin mota na Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan cika da samari da ƴan mata waɗanda suka ci jarrabawar BAC, kowa da akwatinsa da tabarmarsa da ƙullin garin rogo. Kafin kar ya tashi, uwaye sukan yi tambayoyi da dama: wane fanni yaron zai karanta, ina zai kwana, wa zai tarbe shi. Tambayar da ba a cika yi ba kuwa ita ce wadda za ta fara damunsa tun ranar da ya sauka: ina zai ci, sau nawa a yini, kuma da kuɗin wa? Alhali sanin kowa ne cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tsarin ciyar da ɗalibai da ake bi a Nijar gado ne daga Faransa, inda tun 1955 doka ta kafa hukuma ta musamman mai kula da ci da kwanan ƴan jami'a. A nan ma haka abin yake: jami'a tana koyarwa, wata cibiya dabam kuma, wadda aka daɗe ana kira CNOU, yanzu kuma ake kiran rassanta CROU, ita ke riƙe da ɗakunan kwana da motocin jigila da ɗakin shan magani da gidan abinci, wato abin da ɗalibai ke ce wa resto. Ɗalibi yakan sayi tike, ya shiga layi, ya miƙa tiken, a zuba masa. Kuɗin tiken bai kai abin da aka kashe a kan farantin ba, ko kusa. Ragowar baitulmali ne ke cikawa. Saboda haka ɗan kasuwar da ke biyan patanti da ma'aikacin da ake cire wa haraji daga albashi suna da hannu a cikin tukunyar nan, ko da kuwa ba su da ɗa ko ɗaya a jami'a.

A da, tukunyar guda ce. Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971 kuma aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ita kaɗai ce ta gwamnati, tana can Harobanda, ƙetaren gulbi. Ɗan Damagaram sai ya yi tafiyar wajen kilomita 900 kafin ya kai ga aji. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Wannan ya kawo sauƙi ga wanda gidansu ke cikin garin, don yana iya komawa ya tarar da tuwon uwarsa. Amma ɗan Dakoro ko Magarya ko Madawa har yanzu baƙo ne, kuma baƙo a birni cikinsa na hannun aljihunsa.

In an duba, wuraren cin ɗalibi ba su wuce huɗu ba. Akwai resto. Akwai masu sayar da abinci da suka kewaye kowace jami'a kamar yadda suke kewaye tasha: mai shayi da burodi da ƙwai, mai dambu da kopto, mai shinkafa da wake, mai maka, mai ƙosai da fanke, mai awara. Akwai girkin ɗaki, inda mutum uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su sayi risho da tukunya. Akwai kuma gidan mai masauki, wato dangi ko abokin uba da aka damƙa wa amanar yaro.

Resto ya fi kowanne araha, wannan babu gardama. To amma an ce araha ba ta ado. Layin yakan yi tsawo, a tsakiyar rana, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ƙofar tana da lokacin buɗewa da na rufewa, malamin da ke aji kuwa ba da agogon mai dafuwa yake aiki ba. Ɗalibin da darasinsa ya zarce, ko wanda ke koyon aiki a asibiti cikin gari, sau da yawa sai ya zo ya tarar an kwashe. Abincin kuma na taro ne, an dafa shi a babbar tukunya, shinkafa yau, maka gobe, shinkafa jibi. Ƴan mata da dama ba sa jure turereniyar layi, sun gwammace su yi girki a ɗaki, abin da ke cin lokacin karatunsu ba tare da kowa ya lissafa ba. Duk da haka, a tambayi likita ko injiniya ko alƙalin da ya fito daga gidan manomi, zai faɗi cewa in ba don tiken nan ba da bai ga ƙarshen karatunsa ba.

Mai abincin bakin titi tana da abin da resto ba shi da shi. Tana nan tun da asuba har tsakar dare, tana zuba wa mutum gwargwadon kuɗinsa, ta san wanda ba ya son yaji, kuma, abin da ya fi kome, tana ba da bashi. Kusan kowace tana da kayye inda take rubuta sunaye, ko yaron da ke rubuta mata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ya kamata a tsaya a dubi wannan kayye da kyau, don a cikinsa ne ainihin labarin yake. Duk lokacin da kuɗin tallafin karatu, wato bursi, ya makara, mace ce mai jarin buhun shinkafa guda take ɗaukar nauyin da ke kan gwamnati. Ba ta sa hannu a wata yarjejeniya ba, ba ta karɓar riba a kan jinkiri, kuma in yaro ya gama karatu ya tafi da bashinta babu ofishin da za ta kai kuka. Ƴan kasuwa, waɗanda suka san abin da ake nufi da kuɗi su kwana a waje, sun fi kowa fahimtar halin da take ciki.

A nan ne maganar “zaɓi” take rushewa. Ana cewa ɗalibi yana zaɓen inda zai ci, amma a gaskiya kwanan wata ne ke zaɓa masa. Bursi, wanda hukumar ANAB ke kula da shi, wata uku-uku ake biya, kuma ba kowa ke samunsa ba. Wasu sai ɗan taimakon da ake kira “aide sociale”, wasu ko shi babu. Makon da kuɗi suka faɗo, sai a ga masu tsire da masu shayi sun cika, ana biyan tsohon bashi, ana sayen waya da takalmi, ana aika wani abu gida, don akwai yaran da uwayensu ke jiran rabonsu daga wannan ɗan kuɗi. Bayan wata guda an koma resto. Bayan wata biyu, in ba a yi tanadin tike ba, an koma garin rogo da sukari da ruwa. In biyan ya zarce lokacinsa, sai a shiga abin da ɗalibai ke yi wa ba'a da lissafin ƙwallo: ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da dare, wani lokaci ma babu, babu, ɗaya.

Misalin Senegal ya isa a gane girman abin. A ranar 15 ga Mayu 2018, a jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis, ɗaliban da ba a biya bursinsu ba suka ce za su ci a resto ba tare da tike ba. Aka kira jandarmomi, aka yi arangama, aka harbe wani ɗalibi mai suna Fallou Sène. Bayan haka ne shugaba Macky Sall ya ƙara kuɗin bursi, ya kuma rage farashin tike: karin kumallo daga sefa 75 zuwa 50, abincin rana da na dare daga 150 zuwa 100. Da wancan farashi, ci uku a yini dala 50 ne, wato jikka 7 da rabi a wata. A ƙaddara cewa a waje faranti dala 100 ne, shayi da burodi dala 50: ci uku ya kama dala 250 a yini, jikka 37 da rabi a wata, ninki biyar ke nan. Kowane uba yana iya sa farashin garin da ɗansa yake ya sake lissafin. Tazarar ba za ta ɓace ba.

Maƙwabta na kudu sun bi wata hanya. A Najeriya, a 1978, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya tayar da boren da aka sani da “Ali Must Go”, da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Ahmadu Ali, aka kuma rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwa daga jami'o'in tarayya, aka bar ɗalibi da ƴan kasuwa. Duk wanda ya kai ɗansa karatu Kano ko Sakkwato ko Zariya ya san cewa kuɗin ci shi ne babban kaso na abin da yake aikawa. Masu cewa resto ɓarnar dukiya ce, a rufe a huta, ya kamata su fara tambayar waɗannan uwaye.

Nijar ma tana da nata tabon. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban da suka fito daga Harobanda suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi sun gamu da harsashi a gadar Kennedy, uku suka kwanta dama, kuma daga nan aka kama hanyar babban taron ƙasa na 1991. Ranar 10 ga Afrilu 2017 ɗalibi Mala Bagalé ya rasa ransa a wata zanga-zangar da ta shafi bursi da halin zaman jami'a. Mutanen gari sukan yi gunaguni in aka tare hanya, suna cewa yaran nan ba su da aiki sai maganar ciki. Gunagunin yana da dalili, don mai shago ne ke rufe ƙofa ranar. Sai dai mai faɗin haka yakan faɗe shi ne bayan ya ci abincin rana.

Akwai wata dabara a Amurka da ta cancanci a duba, ko da yake ba duka za a ɗauka ba. A yawancin jami'o'in can, ɗalibi yakan biya kuɗin cin zangon karatu gaba ɗaya tun farko, a ba shi kati, kowane shiga a cire ci ɗaya. Da yawa ma sukan wajabta wa ɗan shekarar farko mai kwana a makaranta ya saya. Tsada gare shi, dubban daloli a shekara, kuma sau da yawa cin da mutum bai yi ba yakan bi ruwa in zango ya ƙare. Amma akwai hikima guda a ciki: an raba kuɗin ci da kuɗin aljihu, ta yadda yaro ba zai iya mayar da abincin watan gobe takalmi ba. Faransa kuwa, a 2020, lokacin annobar korona, ta saukar da farantin masu bursi daga Yuro 3,30 zuwa Yuro 1, wato kimanin sefa 656.

Abin da hukuma za ta iya yi a nan bai buƙaci sabon gini ba. Tunda gwamnati ce ke bin ɗalibi kuɗin tike, ita ce kuma ɗalibin ke bi bursi, babu hujjar a hana shi faranti saboda jinkirin da ba shi ya jawo ba. Ana iya ba mai bursi tiken wata uku a farkon zango, a cire daga kuɗinsa ranar biya. Ana iya daidaita lokacin rufe ƙofa da lokacin tashi daga aji. Wajibi ne kuma a riƙa biyan ƴan kasuwar da ke kai shinkafa da mai da nama a kan kari, don duk ranar da mai kaya ya gaji da jira ya tsayar da motarsa, murhu ne ke mutuwa. Su ma ƙungiyoyin ɗalibai, USN da rassanta, da ke sa ido a kan layi da tsarin resto, suna da nasu alhakin: tiken da aka yi wa rangwame don ɗalibi, in ya koma hannun wanda ba ɗalibi ba, farantin wani ne aka ɗauke.

Ga uwaye kuma, maganar ta fi sauƙi. Mai aika kuɗi ta Nita ko Al Izza ya kasa su gida biyu, ya ce wannan na tiken wata ne, a saya yau, wancan na sabulu da fotokopi. Mai hatsi ya sani cewa tiya biyar ta gero ko wake da aka ɗora a kar ta fi amfani ga masu girkin ɗaki bisa ga kuɗin da za su narke a mako. Wanda ya sauke ɗansa gidan aboki a Yamai kada ya ɗauka cewa zumunci ya biya kome. Albashin mai masaukin bai ƙaru ba don an ƙara masa baki, kuma yaro mai kunya yakan gwammace ya ce ya ƙoshi da ya miƙa hannu a kwanon da bai kawo kome cikinsa ba. Idan an kira waya, bayan an tambayi jarrabawa, a tambaye shi tike nawa suka rage masa, da kuma ko sunansa na cikin kayyen wata mai dambu. In yana ciki, a nemi jimillar, a aika a biya ta kafin hutu.